Tafiyata Marwa Saboda Tumbin Tumaki

Tun da na dawo daga Marwa ban samu sakat ba. A coci, kafin in kai bakin ƙofa matan zumunta sun tare ni. A unguwa kuwa ko barkono na fita saye sai wata ta riƙe mini gefen zane, "Malama Saratu, wai da gaske har Kamaru kika je saboda tumaki?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa gaba. Shekaranjiya na ji ana cewa wai an tsare ni kwana uku a kan iyaka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru.

Ni malamar firamare ce mai ritaya. Asalinmu kudancin Borno ne, amma a unguwar Umarari, cikin Maiduguri, na yi aure na haifi 'ya'yana. Da na ajiye alli sai na kama kiwo a wani fili da maigidana, Malam Yakubu, ya saya tun da daɗewa a Dusuman, can bayan gari. Da farko tumakina ne kaɗai. Daga baya matan zumuntarmu da ke zaune a gidajen haya suka riƙa kawo nasu in riƙe musu, wata tunkiya ɗaya, wata biyu, yawancinsu matan da mazansu suka rasu ne. Garken ya kai talatin da wani abu, kuma fiye da rabinsa amana ce.

Da rani ya tsananta harawa ta yi wuya, sai na koma ba su dusar masara da yawa, har da ragowar burodi da wani mai gidan burodi a Dala yake tara mini. Makon farko suka yi sheƙi, har ina yabon kaina. Sai zawo ya shigo. Dabba ta tsaya kai a ƙasa, tana cizon haƙora, ba ci ba tuƙa. Na yi abin da kowa yake yi, na tafi kemis na sayo kafso ja da rawaya, in fasa in zuba musu a ruwa. Ya lafa kwana biyu ya dawo, in ƙara. Cikin wata guda 'yan tumaki huɗu suka mutu. Biyu daga cikinsu na Mama Talatu ne, wata dattijuwa mai suyar ƙosai a bakin layinmu, wadda abin da ya rage mata a duniya bai wuce uwarsu ba, wata babbar tunkiya balama da take kira Gimbiya. Ranar da na je na gaya mata, ba ta ɗago daga kasko ba. Ta ce, "To, Malama, na ji." Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ƙarshe na kira Dakta Bukar, likitan dabbobi. Ya kanga kunnensa a gefen hagu na cikin wani rago ya daɗe, sannan ya dubi tarin fatun kafso da ke jikin danga. Ya ce a cikin tumbin dabba akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, su ne suke narkar mata da ciyawa. Dusa da burodi sun yi yawa, tumbin ya yi tsami, da yawansu sun mutu, kafso kuma ya zo ya ƙarasa sauran. Ya ce in rage dusa, in daina kafso, kuma akwai wani yis mai rai da ake haɗawa a abinci ya taimaka wa tumbi ya farfaɗo, sai dai wanda yakan shigo kasuwarmu yana shan rana a kan tebur har ya mutu kafin a saya.

Na ce, "Dakta, yis fa ka ce? Irin na fanke?"

Ya dubi fuskata ya yi murmushi. Ya ce, "Na ga ba ki yarda ba, Malama. Akwai wata da muka taɓa yin kwas tare, Madam Jenabu, tana da gonar kiwo a Marwa. Shekara da shekaru da shi take aiki. In za ki iya zuwa ki gani da idonki, ya fi in tsaya ina yi miki bayani."

Da maganar ta tsaya nan, ba don Ya Falmata ba. Ita ce maƙwabciyar filina a Dusuman, Kanuri ce, ta girme ni, kuma ta fi shekara ashirin tana kiwon ragunan Sallah. Tana jin komai ta bayan danga. Dakta na tafiya ta leƙo ta ce 'yar ƙanwarta tana aure a Mora, a kan hanyar Marwa, kuma ta kwana biyu ba ta gan ta ba. "Ke kin iya karatu, ni na iya hanya. Shirya mu tafi."

Da na gaya wa maigida sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Hanyar Bama?" Na ce e. Rabona da hanyar nan tun kafin rikici. Sai a kwana na uku ya ce in tafi, shi zai riƙa leƙa tumakin safe da yamma. Malam Yakubu akawu ne a ofishin coci, mutumin da ko singileti sai an goga masa. Tunda muke bai taɓa kama tunkiya da hannunsa ba.

Mun tashi daga tashar motocin Bama da ke Maiduguri da sassafe, amma sai da muka jira aka buɗe hanya. Mu shida a cikin mota banda direba, kaya a sama har sun fi motar tsayi. Abin da zan faɗa game da hanyar shi ne sauka da hawa. Kowane shinge sai a sauka, a wuce a ƙafa da katin shaida a hannu, mota ta biyo baya. Gwiwoyina sun gaya mini shekaruna a ranar. Bayan Konduga motar ta yi tsit, kowa ya zuba wa daji ido. Ni ina addu'a a zuci, Ya Falmata tana jan carbi, kafaɗarta a jikin tawa. Mun wuce ƙauyukan da babu rufi ko ɗaya, mun wuce waɗanda sabon kwano ke ƙyalli, mata suna shanya kuɓewa a ƙofar gida. Da muka shiga Bama wani dattijo a gaba ya yi hamdala da ƙarfi, sai ga mota ta cika da hira kamar an kunna rediyo.

Banki da Amcide gari ɗaya ne da iyaka ta raba biyu. A ɓangarenmu ba mu sha wuya ba. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'i ya riƙe fasfona da katin allura yana yi mini tambaya da Faransanci. Na amsa da Turanci, ya girgiza kai. Na gwada Hausa, ya ɗaga kafaɗa. Ya Falmata ta matso ta jefa masa Larabcin Shuwa, sai ga fuskarsa ta saki. Suka yi ta magana, ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka buga mana hatimi. Da muka fita na tambaye ta me ta ce. Ta ce, "Dalilin tafiya ya tambaya. Na ce malamar makaranta ce za ta koma aji ɗaya ta koyi cikin tunkiya."

A nan ne na ga abin da na manta da shi, wato babur ɗin haya. Mu a Maiduguri mun fi shekara goma ba mu hau shi ba, keke napep muka sani. Can kuwa shi ne motar kowa. Aka ce daga iyaka zuwa inda motocin Mora suke sai da shi. Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba. Na hau a karkace irin na mata, mai babur ya ce ba haka ba. Na gyara, na riƙe masa riga da hannu biyu har sai da ya tsaya ya roƙe ni in sassauta, wai ina shaƙe shi. Takalmina ɗaya ya faɗi a hanya, Ya Falmata da ke baya ta sa nata mai babur ɗin ya ɗauko. Ta iso tana kaɗa shi a sama.

Mora tana gindin duwatsu, irin duwatsun garinmu, har sai da na ji kewar gida. 'Yar ƙanwar Ya Falmata ta karɓe mu kamar mun dawo daga Makka. Ta shimfiɗa mana katifa a ɗakinta, ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa mai tsamin da ya sa na runtse ido a loma ta farko, a ta biyar kuwa ina neman ƙari. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri cikinsa da laushi. Suna tsaga shi su cusa dafaffen wake da mai. Na ce a raina wannan haɗi bai yi ba, amma na cinye nawa tas. Ya Falmata ta ƙi, ta ce haƙoranta na da sauran aiki a duniya, a ba ta kunu.

Muka shiga Marwa wajen sha biyun rana, kuma a nan muka yi kuskurenmu na farko. Dakta Bukar ya ce mu tambayi Madam Jenabu a wani shagon magungunan dabbobi kusa da kasuwa. Muka tarar da shi a kulle, na kusa da shi ma a kulle. Na ɗauka rasuwa aka yi. Wani mai sayar da goro, Bahaushe da aka haifa a can, ya ce mana hutun rana ne, sai zafi ya sauka za su dawo. Na ce a Maiduguri in ka rufe shago da tsakar rana sai a zo gida dubiya. Ya ba mu benci a inuwar darbejiya, muka zauna muna kallon gari. Itatuwan sun yi layi a bakin titi kamar namu, akwai kuma wani busasshen kogi da ya ratsa gari, masu wanki suna tona rami a cikin yashi suna samun ruwa. Gaisuwarsu Fulatanci ce, ka ji "Jam na?" a amsa "Jam." Maza da mata kuma suna miƙa wa juna hannu ba tare da wani tunani ba. Ya Falmata ta naɗe hannuwanta cikin lafayar da ta lulluɓa da ita ba ta sake fito da su ba.

Madam Jenabu ta zo da la'asar a kan babur, ita take tuƙa abinta. Gajeriya ce, baƙa, da takalmin roba har gwiwa. Hausarta ta kakarta ce, tana haɗa ta da Fulatanci, amma muna fahimtar juna sarai. Ba ta yarda mu nemi masauki ba. Ta kai mu gidanta a bayan gari, jikin gonar, ta ba mu ɗakin 'yarta da ke makaranta. Sauro kam ya yi mana maraba, kuma zakaranta bai san lokaci ba, amma ban taɓa jin na saki jiki a gidan baƙo kamar nan ba.

Washegari na fito da littafi da biro, ina jiran a nuna mini garin magani. Sai ta kai mu inuwa inda tumaki suke kwance bayan sun ci, ta ce mu tsaya mu kalla. Muka tsaya. Na gaji na ce, "Madam, me muke kallo?"

Ta ce, "Baki. Nawa ne suke tuƙa?"

Na duba, kusan duka. Ta ce abin da take fara dubawa ke nan kullum kafin ta sha shayi, sai kuma kashinsu. In ta ga masu hutawa da yawa bakinsu a tsaye, ta san tumbi ya fara ɓaci, tun kafin zawo ya fito. Na tuna nawa garken, yadda na yi makonni ina shiga ina fita ban taɓa kallon bakin ko ɗaya ba.

Daga nan ta shigar da mu wani ɗan ɗaki inda take da madubin likita, irin mai ƙara girman abu. Ta ɗiga ruwan tumbin lafiyayyen rago a kan gilashi ta ce in leƙa. Jama'a, abin da na gani ba zan manta ba. Wasu halittu ne birjik, manya da ƙanana, suna iyo suna juyawa suna karo da juna kamar kasuwa ta cika. Ya Falmata ta leƙa ta ja da baya, ta ce, "Subhanallahi. Duk wannan a cikin ragona?" Sai Madam ta sa wani ɗigon, na wata akuya da aka kawo mata ba ta da lafiya. Fili fetal, sai ɗaya can a gefe yana motsi da ƙyar. Ta ce waɗanda muke gani ma manyan ne, akwai waɗanda suka fi su yawa da ƙanƙanta. Na san haka cikin tumakina yake, kuma na san wanda ya mayar da shi haka.

Sauran ranar aiki muka yi. Yis ɗin ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, tana ajiye shi a cikin randa da aka binne a jiƙaƙƙen yashi, a ɗaure tam, don zafi da iska suna kashe shi. Ba ta zuba shi kai tsaye a kwami. Takan auna kaɗan, yadda aka rubuta a jikin leda, ta cuɗa da dusa a ƙaramin kwano, sannan ta juye a babba ta sake cuɗawa, don kada wata ta cinye rabon 'yan'uwanta. Akwai wani farin gari kamar kanwa da take ƙarawa kaɗan don rage tsami. 'Yan tumakin da aka yaye kuma nasu daban ne, ta ce halittun da ke cikinsa dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo ne, suna zama a hanji su hana masu cuta samun wuri. Amma abin da ta fi nanatawa ba na leda ba ne. Harawa ko ciyawa tukuna da safe, dusa daga baya. In za a canza abinci, a yi shi kaɗan-kaɗan har mako biyu. Ruwa mai tsabta. Na tambaye ta ko yis ɗin fanke zai yi. Ta ce 'yan gida ɗaya ne, amma wannan an zaɓe shi ne don tumbi. Sannan ta riƙe mini hannu ta ce, "Malama, rubuta wannan da manyan baƙi. Ba magani ba ne. Dabbar da ke da zazzaɓi ko tsutsa, likita za ki kira. In kin mayar da shi sabon kafso, kin yi tafiyar banza."

Muna cikin cin abincin rana wayar Madam ta yi ƙara, don da ita na kira maigida daren da muka iso, tawa ba ta aiki a can. Ta miƙo mini. Daga yadda ya ce "Saratu" na san ba lafiya. Gimbiya ce, tunkiyar Mama Talatu. Tun jiya ta kwanta, ba ci, ba tuƙa, kunnuwa a sake. Ya ce ya ga sauran kafso a saman danga, ko ya ba ta? Na ce kada ya taɓa. Na mayar wa Madam wayar.

Ta yi masa tambayoyi a natse, sannan ta ce ya kira Dakta Bukar yanzu ya auna ta. In babu zazzaɓi kuma babu wata cuta, to tumbin ne ya tsaya, sai a yi mata aro. Wani dattijon makiyayi da ke mata aiki, Bappa Sali, yana zaune a gefe yana jinmu, ya gyaɗa kai. Ya ce su tun kakanni, in saniya ta daina tuƙa, sukan zaro tuƙar lafiyayya daga bakinta su ba mara lafiya. Madam ta ce gaskiya ne, abin da ta je makaranta ta koya ke nan, amma ba za ta sa akawun coci ya cusa yatsa a bakin rago ba. Ta ce masa gobe da asuba ya tafi mahauta da filas ɗin shayi, ya nemi a ba shi ruwan tumbin lafiyayyar dabba da aka yanka a lokacin, a tace da tsumma, a rufe da ɗuminsa, ya kai wa Dakta ya ɗura mata kafin ya huce.

Can ya ce, "Filas ɗina na ofis?"

Na ce, "Shi, Baban Ishaku."

Ya ce, "To."

Da yamma ya sake kira ya ce Dakta ya duba, babu zazzaɓi. Washegari da hantsi ya ce an ɗura, amma har yanzu tana kwance. Madam ta ce a sake yi gobe, a ajiye mata harawa mai kyau a gabanta, a jira. Ni kuwa zama ya ƙare mini. Ta kai mu shagon muka sayi abin da za mu iya ɗauka, ta naɗe mana shi a jiƙaƙƙen buhu, ta ƙara mana da kilishi da tulin albasa. Da na fara yi mata godiya, sai ta ce in dai tumakin sun tashi in aiko mata da hoton bakinsu. Muka kwana a Mora, da gari ya waye muka kama hanyar iyaka. Wannan karon na hau babur ba tare da an roƙe ni komai ba.

Ga maganar tsarewa da ake ta yaɗawa. A wani shinge bayan mun shigo ƙasarmu aka buɗe kayanmu, aka ga ledoji cike da farin gari da wasu ƙwayoyi, rubutun jiki duk Faransanci. Duk wanda ya zauna a Borno ya san abin da ya sa ba a wasa da irin wannan. Jami'in bai yi mana tsawa ba, ya ce dai mu koma gefe. Na ba shi rasit, Faransanci. Na yi bayanin tumbi da halittu, yana kallona kamar mai tatsuniya. Na gwada kiran Dakta Bukar, babu sabis. Direba ya fara ƙorafi cewa in aka rufe hanya a nan za mu kwana, fasinjoji suna harararmu.

Ya Falmata ce ta fara gajiya. Ta warware ledar farin garin, ta dangwala yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce, "Kanwar Bature ce, ɗana. Ɗanɗana." Bai ɗanɗana ba, amma ya shinshina. Ni kuma sai aikin aji ya dawo mini. Akwai mai shayi a gefen shingen, na roƙe shi ruwan ɗumi rabin kofi da sukari, na zuba ƙwayoyin kaɗan na juya, na ajiye a kan benci. Muka kewaye kofi mu wajen goma muna jira. Da farko ba abin da ya faru, har na fara tunanin ko zafin hanya ya kashe shi. Sai kumfa ta fara tasowa a hankali. Wani ƙaramin jami'i ya ja da baya. Mai shayi ya sunkuya ya shaƙa, ya ce, "Oga, wannan ai ƙamshin gidan burodi ne." Aka yi dariya. Babban jami'in ya ɗauki kofin ya shinshina, ya ɗaure mana ledojin da hannunsa. Muna shirin shiga mota ya biyo ni ya rage murya, ya ce mahaifiyarsa tana da awaki a gida kuma zawo yana damunsu, in maimaita masa abin da na ce game da dusa. Na yage takarda daga littafina na rubuta masa, har da maganar kiran likita. Duk abin bai kai awa ɗaya ba. Kwana ukun ke nan.

Daga Bama sabis ya dawo, na kira maigida, waya a kashe. Na kira har sau biyar. Ya Falmata ta karɓe wayar ta cusa a jakarta, ta ce in bari mu isa. Muna sauka a tasha ban bi ta gida ba, muka ɗauki keke da kayanmu har Dusuman.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa. Daga bakin danga na hango Malam Yakubu, wando a naɗe har gwiwa, riga duk tabo, yana ɗauke da bokiti. Wayarsa, ashe, ta faɗa kwamin ruwa tun safe. Ya nuna mini inuwar rumfa da haɓa. Mama Talatu ce zaune a kan kifaffen daro, ta bar suyar yamma ta zo. Gimbiya tana kwance a gabanta, ta rame, ƙashin baya a fili, amma kanta a sama. Na tsaya ina kallon bakinta. Wani ƙulli ya taso ta wuyanta, kumatu ya cika, ta fara tuƙa a hankali, ido a lumshe. Na zauna a ƙasa da zanen tafiyata.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Wani ɗan tunkiya da ya riga ya yi nisa ya mutu a makon, nawa ne. Sauran sai da suka ɗauki kusan wata kafin kashinsu ya dawo daidai. Na binne randa a yashi, na daina karɓar burodin Dala, kuma yanzu Dakta Bukar ne yake faɗin lokacin da za a yi allura, ba ni ba.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ne matan. A taron zumunta na gaba na miƙe na gaya musu gaskiya, cewa ba annoba ba ce ta kashe musu dabbobi, ni ce, da gaggawata da kafsona. Na ce duk wadda take son ta ɗauke tata ta ɗauka, ba zan ji haushi ba. Mata biyu suka ce za su yi shawara, ɗaya ta zo ta ɗauke tata washegari, kuma ban ga laifinta ba. Mama Talatu kuwa ta tashi ta fita tun kafin a rufe da addu'a.

Ranar Asabar ina cuɗa dusa a ƙaramin kwano na ji tsayuwar keke a bakin fili. Ita ce, tana fama da igiya, a ƙarshen igiyar wata 'yar tunkiya fara tana tirjewa. Ta ce surukinta ne ya aiko mata da ita daga ƙauye. Ta ɗaure ta a jikin turke da kanta, ta kakkaɓe hannu.

Na ce, "Mama, kin dai ji abin da na faɗa a taro."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa na kawo. Sai ki fara mata da harawa, Malama, ba ta saba da dusa ba."